Dajin Lekki Tsakanin Tituna Biyu: A Fara Da Ruwa, Kuma A Sa Mu A Lissafi

Tun ranar 31 ga Mayu, 2025, da Shugaba Bola Tinubu ya buɗe kashin farko na titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba, hirar da ake yi a majalisunmu ba ta wuce abu biyu ba: nawa aka kashe, kuma ginin wa aka rushe. Duka biyun sun cancanci a yi su. Titi ne da aka tsara zai kai kimanin kilomita 700, aka fara aikinsa a watan Maris na 2024, kuma tun ba a yi nisa ba ya cinye wani ɓangare na wurin shaƙatawa na Landmark, ya tayar da hankalin mazauna Okun Ajah. Sai dai akwai magana ta uku da ban cika jin ana yin ta da Hausa ba, ita ce ta ruwa. Idan aka shimfiɗa kankare tsakanin gari da teku, ruwan saman da ke neman hanyar fita ina zai bi?

Wannan tambaya ce ta sa na ga ya dace mu duba wani ɗan daji da yawancinmu ta tagar mota kawai muka san shi, wato Cibiyar Kare Muhalli ta Lekki, wadda ke gefen titin Lekki zuwa Epe, kusa da mahaɗar Chevron. Yanzu yankin da dajin yake ya shiga tsakanin manyan tituna biyu, tsohon ta arewa, sabon ta kudu wajen teku, ga kuma rukunin gidaje sun zagaye shi. Masu kula da shi, ko sun so ko sun ƙi, dole su zauna su jera abin da za su fifita a shekaru masu zuwa tsakanin kare dajin, koyar da jama'a, da binciken kimiyya, domin kuɗi ba ya isa a yi komai lokaci guda. Ra'ayina shi ne a fara da ruwa, bincike ya bi bayansa, sannan koyarwar ta fito daga cikin shinge ta iske mutanen da ke kwana a kewayen wurin, waɗanda 'yan uwanmu suna da yawa a cikinsu.

Wane daji ne wannan, kuma na wa ne?

Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, wadda aka fi sani da NCF, ita ce mai wurin. Ƙungiya ce mai zaman kanta da marigayi Cif Shafi Lawal Edu ya jagoranci kafawa a 1980. A 1990 ta buɗe wannan cibiya a kan fili mai hekta 78, da tallafin kamfanin mai na Chevron. Hekta 78 ya ɗan haura filin ƙwallo ɗari idan aka jera su. A ciki akwai fadama mai duhun itatuwa da tukurwa, akwai kuma sarari mai ciyawa. Birai ne suka fi yawa a idon baƙo, amma akwai kada, guza, kunkuru, gada da tsuntsaye iri-iri.

A lokacin da aka killace wurin, Lekki jeji ne da ƙauyukan masunta. Yau kuwa daga wannan zirin ƙasa ake wucewa zuwa tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Lekki da aka buɗe a Janairun 2023, da matatar man Dangote mai tace ganga 650,000 a rana da aka ƙaddamar a Mayun 2023. Filin da a da ba a ko kallonsa, yanzu taku ɗaya ma kuɗi ne.

Abin da ya fi fito da sunan cibiyar shi ne gadar igiya da ke bi ta saman itatuwa, mai tsawon mita 401, wadda aka buɗe a 2015, ake kuma yi mata kirari da cewa babu irin tsawonta a Afirka. Ita ce ke kawo 'yan yawon buɗe ido da masu ɗaukar hoto, su kuma su ke kawo kuɗin shiga. Ba na raina wannan ko kaɗan, da shi ake biyan ma'aikata. Amma gada ba ta shayar da itace. Ranar da fadamar ta bushe ko gishiri ya kashe ta, gadar za ta zama igiya a kan kufai.

Wani abin da ya kamata mu sani: wurin nan ba baƙonmu ba ne kamar yadda muke zato. Dakta Muhtari Aminu-Kano ya riƙe shugabancin NCF har zuwa 2022, lokacin da Dakta Joseph Onoja ya gaje shi. Kuma tun shekarun 1980 gidauniyar ke cikin aikin kare fadamun Hadejia da Nguru, inda da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu suka fito.

Na farko: ruwa

Bari mu yi lissafi mai sauƙi. Hekta 78 murabba'in mita 780,000 ne. Idan aka yi ruwan sama mai milimita 100 a yini guda, wanda ba baƙon abu ba ne a Legas a watan Yuni ko Yuli, ruwan da zai sauka a kan wannan fili kaɗai ya kai lita miliyan 78. A jarkar mai ga-ruwa ta lita 25, jarka sama da miliyan uku ke nan. Fadama tana riƙe wannan ruwa, ta sake shi a hankali, wani ya nutse ƙasa, wani itatuwa su sha. Da a ce kankare da kwanon rufi ne a wurin, cikin awa ɗaya ko biyu duk zai faɗa kwata, daga kwata ya hau titi, daga titi ya shiga ɗakin wanda ya fi kowa zama a gangare.

Mutumin Kano ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Kowa ya ga abin da ya biyo bayan cike kududdufai a cikin birni ana gina shaguna a kansu. Dajin Lekki kududdufi ne babba da ya rage a unguwar da aka cike sauran. Mun ga ambaliyar Yulin 2017 da ta mayar da titunan Lekki da Victoria Island rafi, har aka kama kada a cikin gari, mun kuma ga ta farkon Yulin 2024. To wa ruwan ke fara ci? Mai gadi da ke kwana a ɗan ɗakin bakin ƙofa, mai shayi da ke kan kwalbati, masu kwana a kangon da ba a ƙarasa ba. Mai gida yana bene, ko ma yana Landan.

Saboda haka abu na farko da ya kamata tsarin cibiyar ya amsa shi ne: ta ina ruwa ke shigo wa dajin, ta ina yake fita, kuma wa ke da ikon toshe waɗannan hanyoyi? Haɗarin iri uku ne. Idan maƙwabta suka cike filayensu da yashi suka ɗaga su sama, duk ruwan unguwa zai gangaro dajin ya kwanta, saiwar itatuwa ta ruɓe. Idan kuma aka haƙa manyan magudanai a gefe, za su tsotse fadamar ta bushe da rani. Na uku shi ne gishiri. Duk mai sayar da ruwa a Lekki ya san irin ruwan da rijiyoyin burtsatse da yawa ke bayarwa a can, shi ya sa kasuwar tanka ba ta mutuwa. Idan aka ci gaba da zuƙe ruwan ƙasa, na teku ne ke matsowa ya maye gurbinsa, itatuwan fadamar ruwan daɗi kuwa ba sa jure gishiri.

Teku ma ba a zaune take ba. Tun da Turawan mulkin mallaka suka gina katangun duwatsu a bakin tashar Legas tsakanin 1908 da 1912, yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma zuwa gabas ya daina isowa yadda ya saba, gabar gabas ta riƙa zaizayewa. Haka Bar Beach ta tafi, kuma mutanen Okun Alfa, waɗanda ba su da nisa da dajin, sun ga teku ta ci gidaje da hanya. Duk tsarin da bai sa wannan a lissafi ba, tsarin shekara biyar ne a wurin da ke buƙatar na shekara hamsin.

Takarda da maƙwabta

Wani zai ce ai filin nasu ne, suna da takarda, wa zai taɓa su? Mu da muke zaune a Kudu mun fi kowa sanin iyakar takarda. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filin jiha a hannun gwamna, kuma ta ba shi ikon ƙwace shi idan ya ce don amfanin jama'a ne. Masu Landmark ba ƙananan mutane ba ne, amma da titi ya zo, bakin tekunsu ya tafi. Daji mai zaman kansa ba shi da garkuwar da gandun dajin gwamnatin tarayya ke da ita a doka. Garkuwarsa ita ce yawan mutanen da za su tashi su ce a'a ranar da aka zo da taswirar wani sabon aiki. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Don haka ina ganin gidauniyar na buƙatar abu biyu a nan. Ɗaya, ta nemi a rubuta dajin da hanyoyin ruwansa a cikin tsarin raya yankin na gwamnatin jiha, ta yadda duk mai neman izinin gini a kusa zai tarar da sharaɗin a gabansa. Dokar tantance tasirin manyan ayyuka ga muhalli ta 1992 ta ba jama'a damar ganin rahoto su yi ƙorafi kafin a fara aiki, sai dai ƙorafin da ba shi da alƙaluma a bayansa iska ke tafiya da shi. Biyu, ta ƙulla zumunci da maƙwabtanta tun kafin ranar buƙata, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma maƙwabci ba shugaban ƙungiyar masu gidajen alfarma kaɗai ba ne. Wanda ke tsaye a bakin katanga da dare, shi ke ganin motar da ta zo juye shara ko ɓaraguzan gini a magudana.

Na biyu: bincike mai araha, amma mai ɗorewa

Idan aka ce bincike, mutane na hango farfesa da na'urori masu tsada. Abin da daji irin wannan ya fi buƙata ya fi haka sauƙi: a auna abu ɗaya, a wuri ɗaya, kowane mako, shekara da shekaru. Sanduna masu lamba a kafe a fadama don ganin hawa da saukar ruwa. 'Yan rijiyoyi ƙanana don auna zurfin ruwan ƙasa da gishirinsa. Ma'aunin ruwan sama. Littafin da ba a tsallake rana. Ranar da wani kamfani ya ce aikinsa bai taɓa dajin ba, wannan littafin ne zai yi magana.

Sai birai. Dabbar da aka killace a tsakiyar gari ba ta da inda za ta je ta haɗu da wani garke, sai auren dangi ya yi yawa, zuri'a ta raunana. Ga kuma baƙi suna miƙa musu biskit da lemo har sun koyi fizge abinci a hannun mutane. Nawa ne biran? Nawa dajin zai iya ciyarwa? Wace cuta ke iya tsallakawa tsakaninsu da mutane? Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban Jami'ar Legas da na Jami'ar Jihar Legas za su iya ɗauka, ga kuma Cibiyar Nazarin Teku ta Najeriya a Victoria Island don ɓangaren gishiri da zaizayar gaba. Gidauniyar tana da tallafin bincike da take bai wa masu digirin digirgir da sunan Cif Edu. Ina ganin ya dace a riƙa karkata wani kaso nasa ga tambayoyin da dajin kansa ke buƙatar amsarsu.

Sai tsiron da ke mamaye wuri. A 1984 wata irin kainuwa mai fure ta shigo ruwan Legas ta Badagry, yau ga ta tana toshe hanyar jiragen ruwa a Ikorodu duk shekara. Mutanen Nguru da Hadejia sun san irin wannan bala'in da kachalla, wadda ta toshe hanyoyin ruwa ta kashe gonaki da kamun kifi. 'Yan uwanmu na Fatakwal kuma su duba tsibirin Bonny, inda kamfanin iskar gas na NLNG ya keɓe dajin Finima mai kimanin hekta 1,000 tun 1999. A gabar wancan yanki, wani irin kwakwan ruwa da aka shigo da shi Kalaba a 1906 yana ta korar itatuwan asali na bakin teku, waɗanda kifi ke hayayyafa a saiwarsu. Darasin ɗaya ne a duka wuraren: wanda ya ga tsiron tun yana tsiraru, da hannu zai tuge shi, wanda ya jira kuwa sai da katafila.

A ƙarshe tsuntsaye. Bahaushe ya san shamuwa ba 'yar gari ɗaya ba ce, zuwanta ne ke gaya wa manomi damina ta kusa. Haka akwai tsuntsayen da ke tasowa daga Turai lokacin sanyinsu, wasu su yada zango a fadamun Hadejia da Nguru, waɗanda tafkin Nguru a cikinsu ya shiga jerin fadamu masu muhimmanci na duniya a shekarar 2000, wasu su zarce har bakin teku. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana tattara ƙidayar tsuntsayen ƙasar nan ta hannun 'yan sa-kai masu amfani da wayar hannu, har da matasan Arewa. Babu abin da zai hana yaron Agege ko Idi-Araba ya shiga irin wannan aiki daga Lekki.

Na uku: a koyar da wa, kuma da wane harshe?

Yawancin ilimin da ake bayarwa a irin waɗannan wurare yana zuwa ne ga yaran makarantun kuɗi da aka kawo a motar makaranta, aka yi musu bayani da Turanci. Madalla da hakan. Amma a tambayi kai: wa ke yanke hukuncin yau da kullum da ke shafar dajin? Mai tura baro da zai zaɓi inda zai juye shara. Direban tifa mai kawo yashi. Ɗan jari-bola. Mai ga-ruwa. Masuncin da kunkurun teku ya faɗa komarsa. Mai sayar da maganin gargajiya. Waɗannan da Yarbanci, da Egun, da Turancin buroka, da Hausa suke magana, kuma akasarinsu ba su taɓa taka cikin cibiyar ba, domin kuɗin shiga na iyali guda ya isa cefanen kwanaki.

Shawarata ita ce a ware rana ɗaya a wata, a ranar aiki da baƙi ba su da yawa, a buɗe ƙofa kyauta ko da ragi ga makarantun gwamnati da na Islamiyya da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na yankin. A horar da masu zagayawa da baƙi da ke jin Hausa. A naɗi gajerun saƙonnin murya da za su yi yawo a WhatsApp, domin mutanenmu sun fi sauraro a kan karatu. Kuma saƙon ya kasance na abin da ya shafi aljihu da ɗakin kwana. Idan ka ce wa mai shayi ya ceci biri, dariya zai yi maka. Idan ka nuna masa yadda ledar da ta toshe kwata ke dawo da ruwa cikin rumfarsa, ya fahimta tun kafin ka rufe baki. Gwamnatin Legas ta hana farar robar zuba abinci a Janairun 2024, ta kuma fara aiwatar da hana wasu robobin yi-amfani-ka-yar a ranar 1 ga Yuli, 2025. Masu sayar da abinci nawa ne a cikinmu aka zauna aka yi wa bayanin dalili da harshensu kafin jami'ai su iso?

Akwai kuma abin da ya sa mutanenmu ke ɗari-ɗari da kalmar muhalli, kuma dole masu tsara ilimin su san shi. A bakin talakan Legas, muhalli suna ne da katafila ke zuwa da shi. A Nuwamban 2016 da farkon 2017 aka kori dubban masunta daga Otodo Gbame, nan cikin Lekki, da hujjar tsaro da tsafta, har wata babbar kotun jihar ta yanke hukunci a Yunin 2017 cewa korar mutane ba tare da sama musu matsuguni ba ta saɓa wa tsarin mulki. Gaskiya ne tun 2023 ma'aikatar muhalli ƙarƙashin Tokunbo Wahab ta rushe har da gidajen masu hali da aka gina kan hanyar ruwa a wajen Ikota. Amma tabon yana nan. Cibiya mai zaman kanta tana da damar nuna cewa kare daji da korar talaka ba abu ɗaya ba ne, kuma hanyar nunawa ita ce a ɗauki 'ya'yan maƙwabta aiki, a zauna da su kafin a yanke shawara.

Namu kason laifin

Gaskiya ɗaya ce, ba zan rubuta wannan in tsallake abin da ke hannunmu ba. Duk wanda ya girma kusa da mayanka a Arewa ya san yadda ungulu ke cika wurin a da. Yau a je mayanka a ƙirga su. Tun 2015 aka sa ungulun da muka saba gani a cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma cikin manyan dalilai a Najeriya akwai cinikin kanta da sassan jikinta don tsubbu da magani. Ungulu kuwa ita ce mai kwashe mushe kyauta kafin ya yaɗa cuta. Haka ayu, da ake kashewa don mansa, alhali dabba ce mai haihuwar ɗa ɗaya bayan shekaru. Haka ɗankunya: a Agustan 2021 hukumar kwastam ta baje sama da tan 7 na ɓawonsa da ta kama a Legas, kuma a Oktoban 2023 gwamnati ta ƙona kusan tan 4 a Abuja.

Wannan ciniki ba na ƙabila ɗaya ba ne, akwai hannun kowa a ciki, har da 'yan ƙasashen waje da ke cin babbar ribar. Amma wasu kayan a manyan motocin da ke sauke kaya a kasuwanninmu suke zuwa, wasu kuma a shimfiɗar masu maganinmu ake ganinsu. Doka ta hana tun 1985, aka kuma ƙara tsananta tararta a 2016. Ranar da aka kama mutum ɗaya, sunan al'umma gaba ɗaya ake kira, mu kuwa a Kudu mun san yadda laifin mutum ɗaya ke zama hujjar rufe kasuwa. Shugabannin kasuwa da na masu maganin gargajiya su fara tsawatarwa daga cikin gida ya fi mana alheri.

Kuɗin fa, daga ina?

Duk abin da na lissafa yana cin kuɗi, kuma hanyoyin samunsa biyu ne manya: kuɗin shiga da tallafin kamfanoni. Kowanne da tarkonsa. Idan aka dogara da kuɗin shiga, kullum za a so ƙarin baƙi, musamman a Disamba da lokutan Sallah da Ista, har hayaniya da shara su fi ƙarfin wurin. Ya kamata a san adadin mutanen da dajin zai iya ɗauka a yini, a tsaya a kansa ko da layi ya kai titi. Idan kuma aka dogara da kamfani, to kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wuya ne ka fito da rahoton da zai ɓata wa mai ba ka abinci rai. Maganin wannan shi ne asusu na dindindin, irin waƙafin da muka sani, wanda ba a taɓa uwar kuɗin sai ribarta, a keɓe ta ga awon ruwa da albashin masu gadin daji. Sannan alƙaluman da aka tara a riƙa wallafa su kowa ya gani, ko sun yi wa wani daɗi ko ba su yi ba.

Mun ga abin da ke faruwa da dajin da aka bari ba mai kula. Rugu, Kamuku da Sambisa duk gandun daji ne a takarda kafin su zama abin da suka zama. Na Lekki ba 'yan bindiga ne barazanarsa ba, tifar yashi ce da mai auna fili, amma asalin ciwon ɗaya ne, wato ranar da mutanen kewaye suka daina ganin wurin a matsayin nasu.

Abin da ya rage gare mu

Ba sai mun jira an gayyace mu ba. Majalisun Sarakunan Hausawa na Ajah da sauran unguwannin Eti-Osa, da shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin matasa, suna iya rubuta wa gidauniyar takarda su nemi zama. Buƙatun ba su da yawa: ranar ziyara mai ragi ga yaranmu, bayani da Hausa, gurbin horo ga matasa biyu ko uku a aikin zagayawa da baƙi da ƙidayar tsuntsaye, da kujera a duk taron maƙwabta da za a yi kan magudanan ruwa. Mu kuma mu kai namu: alƙawarin hana juye shara a hanyar ruwa, da hana cinikin ungulu da ɗankunya a inda muke da iko. Wanda ya zo da abu a hannu, ba a yi masa kallon mai roƙo.

Haka kuma duk lokacin da aka sanar da baje rahoton tasirin wani aiki ga muhalli a sakatariyar ƙaramar hukuma, a samu mai ilimi a cikinmu ya je ya karanta, ya dawo ya fassara wa jama'a a masallaci da kasuwa. Muna da lauyoyi da injiniyoyi da malaman jami'a a Legas, wannan aikin yini ɗaya ne a wurinsu.

Damina mai zuwa ba za ta tambayi kowa jiharsa ta asali ba kafin ta shiga ɗakinsa. Lita miliyan 78 ɗin nan, ko dai fadama ta riƙe su, ko kuma su kwana a kan tabarmarmu. Allah Ya kiyaye mu da ambaliya, Ya kuma ba shugabanninmu ikon zuwa teburin tun ana rabon kujeru.